Imam Ibnul Jauzi: Marayan Da Ya Ɗaura Ɗamarar Karance Littattafan Bagadaza

 

'Yar uwa mai karatu, da wuya a shiga ɗakin matar da ta taɓa zama a ajin Islamiyya a rasa 'yan littattafai jibge a kan durowa ko cikin wani kwali. Ga Riyadus Salihin da aka ba ki kyauta ranar walima, ga Bulugul Marami da kika tsaya a babin azumi tun haihuwar yaron da yanzu yake firamare, ga tafsirin da maigida ya sayo a Makka har yau ledarsa ba ta fita ba. Kowace shekara sai ki ce bana kam sai kin gama su, shekara ta juyo ta same su a inda suke. To a wannan fitowa mun kawo miki tarihin wani bawan Allah wanda tarin littattafan da ya sa a gaba ba na kan durowa ba ne, na gari guda ne sukutum, garin ma Bagadaza, a zamanin da take cibiyar halifancin Abbasiyawa.

Sunansa Abdurrahman ɗan Aliyu ɗan Muhammadu, alkunyarsa Abul Faraj, amma an fi saninsa da Ibnul Jauzi. Nasabarsa tana tuƙewa ga Sayyidina Abubakar Siddiƙ (R.A). An haife shi a Bagadaza wajen shekara ta 510 bayan Hijira, wato wajen 1116 Miladiyya. Danginsa 'yan kasuwa ne masu sana'ar tagulla. Kafin mu yi nisa, kada ki haɗa shi da Ibnul Ƙayyim Al-Jauziyya mai Zadul Ma'ad, domin da yawa daga cikinmu suna ɗaukar su mutum ɗaya. Ibnul Ƙayyim mutumin Dimashƙa ne, ya rasu a 751 Hijira, sama da shekara 150 bayan mutuminmu. Abin da ya haɗa su shi ne makarantar Jauziyya ta Dimashƙa, wadda ɗan Ibnul Jauzi ya gina, mahaifin Ibnul Ƙayyim kuma ya zamo mai kula da ita.

Yana da kimanin shekara 3 mahaifinsa ya rasu. Shi da kansa ya rubuta cewa mahaifiyarsa ba ta mai da hankali a kansa sosai ba, sai gwaggonsa, 'yar uwar mahaifinsa, ita ta ɗauke shi ta riƙe. Mace ce saliha. Da ya ɗan yi wayo sai ta kama hannunsa ta kai shi masallacin wani babban malamin hadisi, Abul Fadli Muhammadu ɗan Nasir, ta damƙa masa shi. Kin ga duk abin da za ki ji nan gaba, daga wannan tafiya ta gwaggo ya faro. Ibnu Nasir ya rungumi yaron, ya riƙa kai shi wajen manyan shehunai yana jiyar da shi hadisi, yana rubuta masa abin da ya ji, tun yaron bai san amfanin abin da ake yi masa ba. Ya lazimci wannan malami har malamin ya rasu a 550 Hijira. Ya yi fiƙihun mazhabar Hambaliyya da wa'azi a wajen Ibnuz Zaguni, ya yi lugga a wajen Abu Mansur Al-Jawaliƙi. A cikin littafin da ya lissafa malamansa, waɗanda suka haura 80, akwai mata 3, cikinsu har da Shuhda Al-Katiba, malamar hadisin nan mai kyan rubutu wadda manyan maza suke zama gabanta, ta rasu a 574 Hijira.

Tun yana yaro ba ya shiga wasan sa'o'insa. Yara suna gangarawa bakin kogin Dijla suna kallon gada, shi kuwa sai ya ɗauki 'yar takardarsa ya keɓe. Yakan fita neman hadisi da busasshiyar gurasa a hannu, idan yunwa ta kama shi ya zauna bakin wata ƙorama da ake kira Nahru Isa, ya gutsira ya kora da ruwa, don gurasar ba ta haɗiyuwa haka nan. Ba wai gidansu babu ba ne. Mahaifinsa mai hali ne, ya bar dukiya mai yawa, amma da yaron ya balaga abin da aka miƙa masa dinari 20 ne da gidaje 2, aka ce gadonsa ke nan. Mu dai mun san yadda dukiyar maraya take ƙanƙancewa kafin ta iso hannunsa. Bai tsaya shari'a da kowa ba. Dinaran nan ya sayi littattafai da su, gidajen kuma ya sayar ya ƙarar da kuɗin wajen neman ilimi, har ba abin da ya rage.

Dinari 20 ba za su sayi littattafai masu yawa ba a zamanin da kowane littafi da hannu ake kwafarsa. Abin da ya taimake shi shi ne waƙafi. A Bagadaza ta wancan lokaci makarantu da masallatai suna da ɗakunan littattafai, malamai kuma sukan yi wasiyya a bar littattafansu ga ɗalibai. Ibnul Jauzi sai ya riƙa bin waɗannan taskoki ɗaya bayan ɗaya. A cikin littafinsa Saidul Khaɗir ya ba da labarin cewa ya duba kundin sunayen littattafan da aka yi waƙafinsu a makarantar Nizamiyya, ya tarar sun kai mujalladi wajen 6,000. Nizamiyya ita ce makarantar da aka buɗe a 459 Hijira (1067), inda Imam Gazali ya taɓa koyarwa. Ya bi kundin littattafan makarantar Abu Hanifa. Ya bi na Al-Humaidi, malamin Andalus da ya zauna Bagadaza ya rasu a can a 488 Hijira ya bar littattafansa waƙafi. Ya bi na malamansa biyu, Abdulwahhab Al-Anmaɗi da Ibnu Nasir. Ya bi na Ibnul Khashshab, masanin nahawu da ya rasu a 567 Hijira, wanda littattafansa lodi-lodi ne. Duk littafin da hannunsa zai iya kaiwa gare shi sai ya kai. Ya faɗa cewa bai taɓa ƙoshi da karatu ba, kuma ganin littafin da bai taɓa gani ba yana sa shi farin ciki irin na wanda ya tsinci dukiya a binne. A ƙiyasinsa, abin da ya karanta ya wuce mujalladi 20,000, kuma lokacin da yake faɗin haka yana lissafa kansa cikin ɗalibai ne.

Ki ɗan yi lissafi. Mujalladi 20,000 a cikin shekara 60 ya kusa mujalladi guda a kowace rana. Gaskiya ne mujalladin da aka rubuta da hannu bai kai cikar na bugun inji da muke saya yau ba, kuma kalmar da ya yi amfani da ita, muɗala'a, tana ɗaukar karatun bin diddigi, tana kuma ɗaukar duba littafi da sauri don tsinto abin da ake nema. Ko da an rage rabi, abin da ya saura ya ishi mutum mamaki. Misali ɗaya kawai: akwai wani littafi na Ibnu Aƙil, babban malamin Hambaliyya, mai suna Al-Funun, wanda aka ce mujalladi 200 ne. Ibnul Jauzi ya samu wajen 150 daga ciki ya bi su.

Wani abin lura kuma, mutumin nan bai yi yawon neman ilimi ba kamar yadda malaman hadisi suka saba. Ban da aikin Hajji da ya yi sau biyu, a 541 da 553 Hijira, kusan duk rayuwarsa a cikin Bagadaza ya yi ta. Su Bukhari sun ratsa ƙasashe, shi kuwa ya zauna garinsu ya cinye abin da ke cikinsa. Ke da hidimar gida da 'ya'ya ba za su bar ki ki tafi Madina ko Azhar ba, wannan ya kamata ya kwantar miki da hankali.

Tambayar da za ki yi ita ce, a ina ya sami lokaci? Mutum ne mai iyali, mai wa'azi, mai koyarwa a makarantu da dama, mai amsa fatawa. Amsar tana cikin wata dabara tasa da nake ganin ta fi duk lissafin mujalladan nan amfani gare mu. Baƙi sun dame shi. Mutane ne masu zuwa gaisuwa, su zauna su shimfiɗa hira a kan farashin kaya da labarin sarakuna, daga nan a gangara cin naman mutane. Ya auna ya ga idan ya kore su zumunci zai lalace, idan ya biye musu rana za ta tafi a banza. Da farko ya yi ta ƙoƙarin kauce wa haɗuwar, idan ta kama dole kuma ya taƙaita magana don baƙo ya gaji ya tashi. Daga baya sai ya ɓullo da wata hanya. Ya ware ayyukan da dole sai an yi su amma ba sa buƙatar tunani, wato yankan takarda, fiƙe alƙaluma da ɗaure littattafan rubutu, ya riƙa tara su yana ajiye wa lokacin baƙi. Baƙo na zuba, shi yana amsawa hannunsa yana aiki. Da baƙo ya fita sai ya koma kan littafi da alƙalami fiƙaƙƙe, takarda yankakkiya.

Uwargida, wannan ai ke ya kamata ki koya masa. Tsintar shinkafa, gyaran zogale, ɓarar gyaɗa, ninke wanki, kitson yara, duk ayyuka ne da hira ba ta hana su. Matsalar ita ce mukan yi su a lokacin da gida ya yi tsit, bayan yara sun tafi makaranta, sannan idan maƙwabciya ta shigo mu zauna hannu rabbana har la'asar. Shi Ibnul Jauzi juya abin ya yi. Lokacin da kai yake sarari ya ba littafi, lokacin hayaniya ya ba aikin hannu. Bai ƙara wa yini awa ko ɗaya ba, kuma bai ɓata da kowa ba.

Yana da wasu shawarwarin ga mai karatu a warwatse cikin littattafansa. Yana ganin rayuwa gajeriya ce ilimi kuma da yawa, don haka a fara da mafi muhimmanci. Yana ganin kaɗan da ake dawwama a kai ya fi mai yawa da ake yi rana ɗaya a watsar. Yana son a riƙa ba rai hutu kada ya gundura, a kuma nemi lokacin asuba da safiya don hadda. Har littafi guda ya rubuta a kan kwaɗaitarwa ga haddar ilimi. Sai dai akwai abu ɗaya da ba za mu ce ki kwaikwaya ba. An ruwaito cewa ya sha wani magani da ake kira balazur, wanda ɗaliban zamanin suke sha don ƙarin kaifin hadda, gemunsa ya zube ya koma ɗan guntu. Masu saye-sayen maganin ƙarin basira su ɗura wa yara, sai a yi hattara.

Karatun nasa kuma bai tsaya a cikinsa ba. Abin da ya karanta yakan tace shi ya fitar da wani abu. Ya karanta Hilyatul Auliya na Abu Nu'aim, ya ga ya yi tsawo kuma mata salihai ba su sami wuri sosai a ciki ba, sai ya rubuta Sifatus Safwa, inda za ki ga bayan mazan kowane gari ya kawo matan garin masu ibada. Ya karanta Ihya'u na Gazali ya taƙaita shi cikin Minhajul Ƙasidin. Littafin Humaidi da ya haɗa Bukhari da Muslim, ya yi masa sharhin wuraren da suke da wuyar fahimta. Ya yi tafsiri mai suna Zadul Masir, ya yi tarihi mai suna Al-Muntazam, ya yi Talbisu Iblis wanda da yawanmu mun san shi, ya yi Ahkamun Nisa musamman domin mu. Har littafin labaran masu wayo da na wawaye yana da su. Littattafansa sun haura 300. Wani malamin zamaninsa, Abdullaɗif Al-Bagadadi, ya ce a kowace shekara abin da yake rubutawa yana kai mujalladi 50 zuwa 60.

Amma saurin nan ya zo da tsadarsa, kuma malamai ba su ɓoye ba. Imam Zahabi ya kawo cewa akwai kurakurai da yawa a littattafansa, saboda idan ya gama littafi ba ya komawa ya sake duba shi, sai ya wuce zuwa na gaba. Littafinsa Al-Maudu'at, wanda ya tara hadisan ƙarya don a guje su, aiki ne babba, amma ya sa hadisan da ba na ƙarya ba a ciki, har da wani da yake cikin Sahihu Muslim. Ibnus Salah ya yi magana a kai, Imam Suyuɗi kuma daga baya ya bi littafin yana gyara. A ganina wannan bai rage masa daraja ba, amma yana nuna cewa ƙirga yawan littattafan da aka gama daban, riƙe abin da ke cikinsu daban. Wadda ta gama Arba'una Hadis sau uku da fahimta ba ta da abin jin kunya a gaban wadda ta tsallake littafi goma.

Wa'azinsa kuwa sai wanda ya gani. Matafiyin nan na Andalus, Ibnu Jubair, ya zo Bagadaza a 580 Hijira (1184) ya halarci majalisinsa, ya bayyana yadda alarammomi suke fara jan ayoyi, shi kuma ya tashi ya saƙa su cikin huɗubarsa ɗaya bayan ɗaya ba tare da takarda ba, mutane suna kuka suna tuba. Akwai majalisin da ake yi a farfajiyar fada, Halifa da mahaifiyarsa da matan gidan suna saurare daga sama. Tun kafin nan ma, a 570 Hijira, wata baiwar Allah mai yawan alheri ta gidan Halifa Al-Mustadi'u, mai suna Banafsha, ta damƙa masa makarantar da ta yi waƙafi. Kin ga daga gwaggo zuwa Shuhda zuwa Banafsha, hannun mata bai rabu da al'amarinsa ba, kuma akwai saura.

Kusanci da fada yana da nasa haɗari. A zamanin Halifa An-Nasir, waziri Ibnu Yunus, wanda yake ɗasawa da Ibnul Jauzi, ya sa aka ƙona littattafan wani malami mai suna Abdussalam, jikan Shehu Abdulƙadir Jilani, bisa zargin cewa na falsafa da ilimin taurari ne. Aka kuma karɓe makarantar kakansa aka ba Ibnul Jauzi, wanda ake ganin da shawararsa aka yi abin. Ba mu ne za mu yi musu hisabi ba. Abin da ya faru dai shi ne, a 590 Hijira (1194) Ibnu Yunus ya faɗi, sabon waziri Ibnul Ƙassab ya hau, Abdussalam kuma ya sami bakin magana. Aka zo gidan Ibnul Jauzi aka rufe littattafansa, aka ƙona wasu, aka tarwatsa iyalinsa, aka sa shi cikin jirgin ruwa da 'yar rigar da ke jikinsa zuwa garin Wasiɗ. An ce kwana 5 ya yi a jirgin bai ci abinci ba. Yana da kimanin shekara 80 a lokacin.

Shekara 5 ya yi tsare a wani gida a Wasiɗ. Tsohon da dubban mutane suke cika majalisinsa, shi yake wanke tufafinsa, shi yake girkinsa, shi yake jan ruwa a rijiya. Abin da ya fi ciwo kuma daga cikin gida ya fito. Yana da ɗa mai suna Aliyu, Abul Ƙasim. A wani lokaci can baya, cikin 'ya'ya 10 da aka haifa masa, maza 5 mata 5, maza 4 sun rasu, Aliyu kaɗai ya rage. Da ya ga yaron yana kasala wajen karatu sai ya zauna ya rubuta masa wasiƙar nasiha mai taɓa zuciya, Laftatul Kabid, wadda har yau ana bugawa ana karantawa. A cikinta ne ya ba shi labarin gidajen gado. To wannan ɗan ne, da aka tafi da uban, ya samu hanya ya shiga cikin littattafan ya kwashi abin da ya ga dama ya sayar, a farashin da masu tarihi suka ce ko kuɗin tawadar bai kai ba, ya kuma koma ɓangaren maƙiyan mahaifinsa. Iyaye mata, shiriya ta Allah ce. Nasihar da ta gyara 'ya'yan mutane ƙarni bayan ƙarni, wanda aka rubuta dominsa ba ta kama shi a lokacin ba.

A Wasiɗ an raba shi da tarin littattafansa, sai ya koma kan abin da ke ƙirjinsa. Kullum yakan sauke Alƙur'ani, amma an ruwaito cewa ba ya iya karanta Suratu Yusuf, saboda kewar ƙaramin ɗansa Yusuf da aka haifa masa da tsufa, wanda ya baro yana ɗan shekara 10. Wannan yaro ne Allah Ya sa ya zamo sanadin fitarsa. Ya taso ya fara wa'azi tun yana ɗan saurayi, labarinsa ya kai ga mahaifiyar Halifa, Zumurrud Khatun, ita kuma ta yi ta roƙon ɗanta har ya ba da umarnin a saki tsohon a 595 Hijira. Masu tarihi sun kawo cewa a nan Wasiɗ, yana da shekara 80 da 'yan kai, ya zauna gaban wani malamin ƙira'a mai suna Ibnul Baƙillani ya karanta Alƙur'ani da ƙira'o'i 10, ɗansa Yusuf yana karatu tare da shi. Ke da kike jin nauyin komawa aji don kin aurar da 'ya, ga tsoho mai tafsiri guda a rubuce ya durƙusa yana ɗaukar darasi kafaɗa da kafaɗa da ɗan autansa.

Ya dawo Bagadaza mutanen gari suka fito tarbarsa, ya koma kan mumbarinsa. Bai daɗe ba sosai. Ya yi rashin lafiya ta kwana 5, ya rasu daren Juma'a 12 ga Ramadan 597 Hijira, wato watan Yunin 1201, yana da kimanin shekara 87. An rufe kasuwanni saboda jana'izarsa, aka binne shi a maƙabartar Babu Harb, kusa da Imam Ahmad ɗan Hambali. Ibnu Khallikan ya kawo labarin cewa ɓarɓashin fiƙar alƙaluman da ya rubuta hadisan Manzon Allah (S.A.W) da su, an riƙa tara shi, kuma ya yi wasiyya a dafa ruwan wankan gawarsa da shi. Aka hura wuta da ɓarɓashin nan, ruwa ya yi zafi, aka yi masa wanka, har aka sami ragowa. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan gwaggon da ta kai shi makaranta.